'Yar Dangin Fara

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a ƙauyukan da ke kewaye da Masaka ya san Masembe, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Shi ne kakakin da ake ɗaukowa ranar da dangin ango za su zo gabatar da kansu. Da zarar ya sa farar kanzu, doguwar rigar maza ta biki, ya ɗora kwat a kai, ya riƙe abin magana, kowa sai ya gyara zama. Zai jero kakannin yarinya ɗaya bayan ɗaya, da inda kowannensu yake kwance, har tsofaffin gidan su riƙa gyaɗa kai suna mamakin inda ya tono sunayen da su kansu suka manta. In dangin ango suka yi kuskure, ya yi musu tsiya har mata su ɓoye fuska don dariya. In nasa ɓangaren ne suka kwafsa, ya lulluɓe abin da wasa tun kafin kowa ya ankara. Baki dai Allah ya ba shi, kuma bai taɓa barinsa ya huta ba.

A irin wannan taro kakaki da kansa yake farawa. Masembe ya kan buga ƙirji ya ce, "Ni ne Masembe, ɗan Kalanzi, jikan Mpagi, duk suna kwance a gonar ayabarmu. Ni ɗan dangin Fara ne." Daga nan ya ambaci babban ɗansa da ke tuƙa mota a Kampala, da 'yarsa da ke aure, sai ya rufe da cewa, "Da sauran ƙanana." To, wannan sauran ƙanana mutum ɗaya ce tak, sunanta Nakalanzi, kuma ta kusa isa ɗaura gomesi, rigar manyan mata.

Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tun tana tatata. Kar a ɗauki alhakin Masembe, bai taɓa dukanta ba, bai taɓa hana ta ci ko sutura ba. Abin da yake yi ƙarami ne a ido. In ta zo ta durƙusa gabansa, maimakon ta sunkuyar da kai yadda 'ya'ya mata ke yi, sai ta ɗago ta zuba masa ido, hannuwanta suna motsi, wani sauti yana fita daga maƙogwaronta. Shi kuwa sai ya kau da kai gefe ya ci gaba da magana da wani, in babu kowa ko da kaza ce. Kunya yake ji, ba ƙiyayya ba. Mutumin da ke ci da bakinsa a ce ya haifi wadda ba ta ji ba ta faɗa, wannan abu ya tsaya masa a wuya, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Malama Amongin ce ta gano yarinyar. 'Yar ƙasar Teso ce, can arewa maso gabas, siririya, mai tsohon babur da ake jin ƙararsa tun daga kwari. Iyayenta duka kurame ne, saboda haka da hannu ta fara magana kafin baki, kuma har yau in tana magana da kai cikin ido take kallonka ko kai wane ne. Aikinta bi ƙauye-ƙauye tana neman yaran da aka ɓoye a bayan gida. Ita ta kai Nakalanzi makarantar kurame ta kwana da ke can ƙetaren fadama, ita ce kuma take tara iyaye ranar Asabar a ƙarƙashin mangwaron makarantar tana koya musu maganar hannu. Nankya, matar Masembe, ba ta fashi.

"Maigida, yau ma ba za ka ba?" in ji ta wata Asabar, tana ɗaura ɗamarar gomesinta.

"Ni? In je in zauna a benci ina kaɗa yatsu kamar mai korar ƙuda? A ce Masembe bakinsa ya ƙare ya koma hannu?"

"Bukenya fa yana zuwa, saboda jikansa."

"Ai Bukenya dama gara ya koma hannun, bakin ba ya yi masa aiki."

Bukenya shi ne abokin hamayyarsa, wanda dangin ango kan ɗauko don ya kara da shi, kuma abokinsa ne tun suna yara. Nankya ba ta yi dariya ba, ta ɗauki jakarta ta fita.

Lokacin fara ya kama, ko'ina a bakin hanya mata na soya ta suna sayarwa, ƙamshi har cikin motocin haya. A gidan Masembe kuwa ko ƙafarta ba ta shiga, don ɗan dangin Fara ba ya cin fara, kamar yadda Nankya, 'yar dangin Gaiwa, ba ta kai kifin gaiwa bakinta. A wannan tsakanin Nankya ta tafi bakin tafki jinyar mahaifiyarta. Masembe yana zaune a ƙofar gida yana goge takalmin biki sai ga ƙarar babur.

Malama Amongin ta gaishe shi, ta zauna a kan kujerar da ya nuna mata, ta shiga maganar da ta kawo ta.

"Baba Masembe, muna shirin ranar iyaye. Bana mun ce kowane yaro zai miƙe ya jero asalinsa da hannu, yadda kuke yi a nan da baki. Na zo roƙo biyu. Na farko ka zo ka ja mana taron, don babu kamarka. Na biyu ka samu rana ka zo ka zauna da Nakalanzi ka nuna mata nata kakannin. Ni baƙuwa ce, ban san dangoginku ba. Abin da yaro ya kawo min shi zan taya shi gyarawa."

Roƙon farko ya shiga kunnen Masembe daram, na biyun kuwa ya wuce ta gefe.

"Taro kam ki sa a ranki an gama. Ɗayan kuma, uwarta na nan dawowa, zan turo ta."

"Ni kai na roƙa, Baba."

"To, to, za a duba," in ji shi, idonsa na kan takalmi.

Bai je ba. Bai kuma aika wa Nankya ba, don da ya aika sai ta tambaye shi me ya hana shi zuwa da kansa. Ya ce wa ransa ai sunan yarinyar ma ya isa, kowa ya ji Nakalanzi ya san 'yar Fara ce. Bai tsaya ya tuna cewa ita ba ta taɓa jin sunan ba, 'yan haruffa ne kawai da aka koya mata a yatsu.

Ranar iyaye Nankya ta biyo daga bakin tafki kai tsaye, suka haɗu a ƙofar makaranta. Masembe ya sha kanzu da kwat, yana tafe yana amsa gaisuwa. Suna shiga fili ya hango yara a gindin mangwaro sun kewaye wani faranti, suna ci suna hira da hannuwa masu maiƙo. Soyayyar fara ce wani uba ya kawo. A tsakiyarsu ga Nakalanzi, ta cika baki, tana tauna tana lumshe ido don daɗi.

Ya dubi Nankya, ita ma ta gani, ta dafe ƙirji. Kafin ya san abin yi sai ya ji an dafa kafaɗarsa.

"Mutumina," in ji Bukenya a hankali, "waccan mai cin kakanninta ba taka ba ce?"

"Yara ne, ba su san komai ba."

"Haka ne. Sai abin da aka gaya musu."

Yarinyar ta hango su, ta goge hannu a siket, ta rugo ta rungume uwarta. Hannuwan su biyun suka shiga aiki, suna dariya. Sannan ta durƙusa gaban ubanta ta ɗago ido. Masembe ya ga maiƙon a leɓenta, ya kau da kai, ya shiga tambayar wani mutum ko an gwada lasifikar.

Aka shiga zaure. Iyaye a benci ta baya, yara a gaba, Malama Amongin a tsaye gefen Masembe don ta mayar musu da maganarsa zuwa hannu. Kafin ya buɗe baki ta nuna shi, ta yi wata alama da hannu kusa da kumatunta, yaran suka kalli juna, wasu suka yi murmushi. Bai kula ba. Ya saki murya yadda ya saba, ya yi wa hedimasta kirari, ya tsokani Bukenya, iyaye suka yi ta dariya. Amma wani abu ya riƙa sukarsa: duk yaran nan babu mai kallonsa. Idanunsu na kan hannuwan Malama, kuma sai ta gama sannan su yi tasu dariyar, a makare. Bai taɓa tsayawa gaban taro ya ji kansa a matsayin ɗan rakiya ba sai ranar.

Yara suka fara fitowa ɗaya-ɗaya. Yaro ya yi da hannu, Malama ta faɗa da baki don iyaye su ji. Jikan Bukenya ya fito ya jero nasa tsaf, har dangin Gada, Bukenya ya miƙe yana ɗaga hannuwa sama yana kaɗa yatsu, don haka suke tafi, hawaye na bin gemunsa ko kunya babu. Masembe ya taɓe baki, amma a ransa ya ji kishi.

Sai aka kira Nakalanzi.

Ta fito da ƙarfin gwiwa, ta durƙusa ta gaida taro, ta miƙe. Hannuwanta suna da kyau, ko wanda bai san komai ba zai ga haka, suna tafiya a natse ba garaje. Malama Amongin ta riƙa bin ta da murya.

"Ni ce Nakalanzi. 'Yar Nankya ce ni. Jikar Mubiru, mai saƙa raga, wanda yake kwance a bakin tafki. Tattaɓa-kunnen Nsubuga, mai jirgin ruwa, shi ma yana kwance a can. Ni 'yar dangin Gaiwa ce. Ba na cin gaiwa."

Ta sauke hannu, baki har kunne. Yara suka ɗaga hannuwa suna kaɗawa, Malama ma ta taya su, don ita ba ta ga laifin komai ba. A bencin iyaye kuwa tsit kake ji. A ƙasarmu ɗa na dangin ubansa ne, kuma wanda ya miƙe a bainar jama'a ya jero dangin uwa, to ya faɗa wa duniya ba shi da uban da zai nuna. Wata mata ta ce, "Kai!" ta toshe baki. Wani tsoho a baya ya yi gyaran murya, ya ce wa na kusa da shi, ba ma a hankali ba, "To dama ina dalili, shi ya sa ba ya ambatonta a biki." Nankya ta ja gyalenta ta rufe fuska.

Masembe ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma abin magana na hannunsa, kuma gyaran ɓarna a taro sana'arsa ce. Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Jama'a, yarinya ta bi hanyar tafki, bari in dawo da ita gida." Ya buga ƙirji. "Wannan da kuke gani Nakalanzi ce, 'yar Masembe, jikar Kalanzi, tattaɓa-kunnen Mpagi, duk suna kwance a gonar ayabarmu. 'Yar dangin Fara ce gaba da baya!"

Karo na farko ke nan da sunanta ya fita daga bakinsa a gaban jama'a, kuma ya faɗe shi da murya har kwanon rufi na amsawa. Iyaye suka yi ajiyar zuciya, wasu suka tafa. Ya juyo ya dubi yarinyar. Ta ba shi baya, tana ɗaga wa ƙawayenta hannu, ba ta ma san ya yi magana ba. Ya dubi Malama Amongin, ya ga hannuwanta a sake a gefenta. Ta gane abin da ya faru, fuskarta ta canja. Ta matso, ta tura abin maganar gefe da yatsa, ta ce yadda shi kaɗai zai ji:

"Wa kake gaya wa, Baba? Waɗannan ai sun riga sun sani."

"To ki gaya mata mana."

"A nan? In ce mata ta yi kuskure gaban kowa, a abin da na zo har gida na roƙe ka? Ba zan yi mata haka ba."

Yadda ya ƙarasa taron, shi kansa ba zai iya faɗa ba. Ya dai san bai tsaya cin abinci ba.

Shi da Nankya suka kama hanyar gida har suka wuce fadama. Can ta tsaya.

"Yau ni aka zaga, Masembe." Ba ta taɓa kiran sunansa ba sai ranar. "Gobe a rijiya za a ce Nankya ta shigo maka da 'yar wani."

"Ke ma ai da laifinki. Me ya hana ki koya mata?"

"Na kai ta gidanmu, ta tambaye ni kaburburan wa, na nuna mata nawa. Naka ni zan nuna mata? Kai da kake jero kakannin 'ya'yan mutane tun daga nan har Kampala? Na ɗauka ko wannan kaɗai za ka yi mata."

Ta wuce ta bar shi a tsaye.

Sati ya zagayo, aka zo neman ya ja wani biki, ya ce maƙogwaro na damunsa. Bukenya ya leƙo da yamma, ya zauna, ya sha shayi, ya ƙi tsokanarsa ko sau ɗaya, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo. Da zai tafi ya ce, "Ba wuya fa, mutumina. Ranar farko ce kawai za ka ji kai wawa ne. Ni har yanzu jikana dariya yake min."

Da aka yi hutu Nakalanzi ta dawo gida. Masembe ya aika aka roƙo masa Malama Amongin. Ta zo da hantsi, ta jingine babur. Ya sa tsohuwar riga, ba kanzu ba, ya yi wa yarinyar alama da hannu ta biyo shi. Ta waiwaya bayanta ta ga ko da wani yake, sannan ta taso. Suka ratsa gonar ayaba har can ƙarshe, inda kaburburan suke a jere ƙarƙashin inuwa, busasshen ganye ya rufe su. Malama ta nemi kututture nesa kaɗan ta zauna.

"Ki matso mana, Malama, ki faɗa mata wannan na Kalanzi ne."

"In na rubuta mata shi da yatsu, haruffa ne kawai, gobe ta manta. Su a wajensu sunan mutum abin da ido ya gani ne a jikinsa, ko tafiyarsa, ko sana'arsa. Kai ka san su, ni ban san su ba. Nuna mata, ita za ta raɗa musu. In ka maƙale ina nan."

Masembe ya tsaya da hannuwa biyu a gabansa kamar na aro. Yarinyar ta zuba masa ido tana jira. Ya nuna kabarin, ya nuna kansa, ya rasa ta inda zai ci gaba. Sai ya tuna mahaifinsa da kekensa, yadda yake cusa ƙafar wando ɗaya cikin safa, ya murza gashin baki kafin ya hau. Ya sunkuya ya cusa wandonsa, ya murza gashin bakin da ba shi da shi, ya ɗaga ƙafa ya haye keken iska, ya yi ta tuƙi tsakanin ayaba yana gaida mutane da kai. Dattijo guda, kakakin da ake ji da shi. Da wani ya leƙo a lokacin da ya mutu don kunya.

Nakalanzi ta fashe da dariya, irin tata mai sauti wadda a da yake barin ɗaki in ya ji. Ta murza gashin baki da yatsu biyu, ta nuna kabarin, ta ɗaga gira tana tambaya. Ya gyaɗa kai da sauri.

"Shi ke nan, ya samu suna," in ji Malama daga kan kututture.

Mpagi mai bugun ɓawon itace ne, wanda ake tufafi da shi. Masembe ya durƙusa ya riƙa dukan ƙasa da gudumar iska, yana karkata kai gefe yadda kakan nasa ke yi saboda ido ɗaya. Ta kwaikwaya, ta rufe ido ɗaya, ta buga dunƙule a tafin hannu. Haka suka bi kaburburan, har wata goggo mai lofe da wani baffa da ya ƙi wanka, kuma Masembe ya manta da kansa har ya soma jin daɗi.

Sannan ya zaro fara guda daga aljihu, wadda ya tsinta da safe a jikin bango. Ya nuna mata. Ya kai ta kusa da baki, ya girgiza kai, ya janye. Ya nuna kaburburan duka, ya nuna ƙirjinsa, sai ya miƙa yatsa ya nuna ta.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta kalli farar, ta kalle shi, ta juya wajen Malama, hannuwanta suka yi ta gudu. Malama ta amsa mata, suka ɗan jima suna yi. Yarinyar ta kai hannu bakinta a hankali. Idonta ya ciko.

"Me ta ce?"

"Ta tambaya ko ita ba 'yar Gaiwa ba ce. Na ce mata a nan ɗa dangin uba yake bi. Ta ce ke nan ranar nan ta yi kuskure gaban kowa. Ta ce me ya sa ba wanda ya gaya mata."

Masembe ya saki farar ta tashi.

Nakalanzi ta share ido da bayan hannu. Ta gyara tsayuwa gaban kaburburan, yadda ta yi a zauren makaranta, ta fara daga farko. Ta nuna ƙirjinta ta yi sunanta. Sai ta ɗaga hannu kusa da kumatu, yatsu huɗu da babban yatsa suna buɗewa suna rufewa, ta juya fuskarta gefe. Sannan ta murza gashin baki, sannan ta rufe ido ɗaya ta buga dunƙule.

Masembe ya gane mai keke, ya gane mai guduma. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Malama, wancan na biyun fa? Wanne ne a cikinsu? Ban nuna mata wannan ba."

Malama Amongin, wadda ba ta taɓa sauke ido gaban kowa ba, ta dubi ƙasa.

"Ba ya cikin kaburbura, Baba."

Ya sake kallon yarinyar. Ta ɗauka bai gani da kyau ba ne, sai ta maimaita masa a hankali, ba da fushi ba, ba da tsokana ba, kamar yadda ta yi na sauran. Baki yana ta motsi, fuska ta juya can gefe. Ya san wannan mutumin. Ya san har kusurwar da wuyan ke karkata.

"Tun yaushe?"

"Da shi ta zo mana, tun ranar farko, kafin ta iya komai. Duk makaranta da shi suka san ka. Da shi na gabatar da kai ranar iyaye."

"Ba a canjawa?"

"Wanda aka raɗa wa ba ya canja wa kansa."

Ya tsaya a tsakanin ubansa da kakansa. Ɗaya an san shi da keke, ɗaya da guduma, shi kuma ga abin da za a san shi da shi, kuma haka za ta jero shi gaban 'ya'yanta wata rana. Kunya ta taso masa tun daga ciki har kunnuwa, ya ji wuyansa ya fara juyawa da kansa zuwa wajen ayaba, inda babu ido. Ya kama kansa a rabin hanya. Ya dawo da fuskar da ƙyar.

Tana nan tana jira, hannunta a sama, tana son ya tabbatar mata ta yi daidai, kamar yadda ya tabbatar mata da na sauran.

Masembe ya nuna ƙirjinsa. Ya ɗaga hannunsa kusa da kumatu, ya buɗe yatsu ya rufe. Sunan ba ya cika sai an kau da kai, saboda haka ya kau. Yana cikin haka ya ji 'yan yatsu masu sanyi a haɓarsa. Ta juyo da fuskarsa gare ta, ta nuna idonsa, ta nuna hannuwanta, don ba ta gama ba.

Ya kalla. Ta sake farawa daga kanta, ta bi ta kansa, ta wuce mai keke da mai guduma da goggo mai lofe, har ta zo ƙarshe ta haɗa yatsu biyu ta yi tsallen fara a bayan hannunta, ta dafa ƙirji. Hawaye na zuba har cikin bakinsa, amma bai share ba, don kada hannun ya tare masa gani.